Kocin rukunin bugu a ƙwallon ƙafar jami'o'in Amurka

Kocin rukunin bugu mataimaki ne ga babban koci a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kuma shi ke kula da duk sassan wasan da ake buga ƙwallo da ƙafa. Shi ne yake tsara wa zai tsaya a ina, wa zai buga, wa zai karɓa, da wanda zai yi ƙoƙarin tare bugun abokan hamayya. Aikinsa ya bambanta da na sauran mataimaka ta fuska ɗaya: mafi yawan 'yan wasan da yake amfani da su aro ne daga rukunin kai hari da rukunin tsaro, waɗanda kowannensu yana da nasa kocin. A jami'o'i kuma hukumar NCAA, mai kula da wasannin manyan makarantu, ta ƙayyade lokacin atisaye, kuma ta daɗe tana ƙayyade yawan masu horarwa. Saboda haka zaɓen wannan koci ya ƙunshi tambayoyi biyu: wane ne ya cancanta, sannan wane iko da wane lokaci babban koci zai ba shi.

Matsayin bugu a cikin wasan

Kowace ƙungiya tana sa 'yan wasa 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, kusan mita 91, sannan akwai yankin ci mai zurfin yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu don ta matsa gaba yadi 10. Idan ta kai ƙwallo yankin cin abokan hamayya, ta samu maki shida. Idan kuwa yunƙuri uku suka wuce ba ta cika yadi 10 ba, galibi takan zaɓi bugu a na huɗun.

Rukunin bugu ya kasu kashi shida, uku na bugawa da uku na karɓa ko tarewa:

- Bugun farawa, wanda ake yi daga layin yadi 35 a farkon kowane rabin wasa da kuma bayan an ci maki.
- Karɓar bugun farawa da dawo da ƙwallo.
- Bugun sallama, wato ƙungiya ta buga ƙwallo nesa ta bar wa abokan hamayya, don su faro hari daga wuri mai nisa.
- Karɓar bugun sallama, ko ƙoƙarin tare shi.
- Bugun maki, inda ake kafa ƙwallo a ƙasa a buga ta tsakanin turaku biyu. Yana ba da maki uku, ko maki ɗaya idan ya biyo bayan cin maki shida.
- Tare bugun maki.

'Yan wasa kaɗan ne suka keɓanta da wannan aiki: mai bugun maki, mai bugun sallama, da mai cillo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa baya. Akwai kuma mai kafa ƙwallo da mai dawo da ita, waɗanda sau da yawa suna da wani aikin dabam a ƙungiyar. Ragowar guraben kuwa sai koci ya cike su da 'yan wasan sauran rukunai.

Tarihin muƙamin

Daga 1953 zuwa tsakiyar shekarun 1960, dokar NCAA ta taƙaita sauya 'yan wasa ƙwarai, har mutum ɗaya kan kai hari, ya yi tsaro, ya kuma yi bugu. Da aka saki dokar sauyi, ƙungiyoyi suka samu damar ware 'yan wasa domin kowane aiki, kuma daga nan rukunin bugu ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Gasar ƙwararru ta NFL ce ta fara ware wa aikin koci na musamman. A 1969 George Allen ya ɗauki Dick Vermeil a ƙungiyar Los Angeles Rams, a shekarar kuma Philadelphia Eagles ta ɗauki Marv Levy. Dukansu biyu sun zama manyan kociyoyi daga baya.

Jami'o'i sun yi jinkirin bin wannan hanya saboda ƙa'idar yawan ma'aikata. Na tsawon shekaru, ƙungiyoyin mataki mafi girma, wato FBS, mataimaka tara kaɗai doka ta yarda su horar da 'yan wasa a fili. Ware ɗaya daga cikinsu domin bugu yana nufin rage wa hari ko tsaro mutum guda. A Janairun 2018 aka ƙara gurbi na goma, kuma jami'o'i da yawa suka yi amfani da shi wajen ɗaukar kocin bugu. A Yunin 2024 NCAA ta cire iyakar gaba ɗaya ta fuskar koyarwa, ta yadda kowane ma'aikacin ƙungiya zai iya horarwa a fili. Sai dai ta bar iyakar waɗanda za su fita zawarcin 'yan wasa a wajen jami'a.

Aikin kocin

A tsakiyar mako kocin yana nazarin bidiyon abokan hamayya don gano raunin da za a iya amfani da shi, kamar gurbin da ba a tsarewa da kyau, ko mai bugun da ke jinkiri. Yana fitar da jerin 'yan wasan kowane ɗaya daga cikin rukunan shida tare da waɗanda za su maye gurbinsu, domin raunin mutum ɗaya na iya taɓa rukuni huɗu a lokaci guda. A ranar wasa shi ke tabbatar da cewa mutum 11 ne suka shiga, ba 10 ko 12 ba, kuma shi ke ba babban koci shawara kan nisan da mai bugun maki zai iya kaiwa, bisa la'akari da iska da yanayin fili.

Aikin ya dogara da lokaci ƙwarai. A bugun maki, daga cillo ƙwallo yadi bakwai ko takwas zuwa buga ta, ana son komai ya gudana cikin kusan daƙiƙa 1.3. A bugun sallama, mai bugu yana tsayawa kusan yadi 15 a baya, kuma ana son ƙwallo ta bar ƙafarsa cikin kusan daƙiƙa biyu. Ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya ba masu tarewa damar isowa.

Tsare-tsaren da jami'o'i ke bi

Kafin a nemi mutum, babban koci yakan fara yanke shawarar tsarin da zai bi. Akwai manyan hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce babban koci ya riƙe aikin da kansa. Wanda aka fi sani da wannan shi ne Frank Beamer, kocin Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015. Ƙungiyarsa ta yi suna wajen tare bugu da cin maki ta rukunin bugu da na tsaro, har aka laƙaba wa salon suna Beamer Ball. Ya riƙa sa manyan 'yan wasansa a waɗannan rukunai, abin da ya nuna wa kowa cewa aikin ba na 'yan benci ba ne. Amfanin wannan hanya shi ne babu mataimakin da zai hana aron ɗan wasansa idan babban koci ne ya nema. Illarta kuma ita ce nauyin da ke kan babban koci ya riga ya yi yawa.

Ta biyu ita ce a raba rukunan tsakanin mataimaka, wannan ya ɗauki bugun sallama, wancan ya ɗauki bugun farawa. Ba a rasa gurbin kowa, kuma kowane mataimaki yana da hannu a ciki. Matsalarta ita ce idan abu ya lalace, da wuya a san wanda za a tambaya, kuma kowa yakan fi mai da hankali ga asalin aikinsa.

Ta uku, wadda ta yaɗu ƙwarai, ita ce a ba mataimaki ɗaya muƙamin tare da wani rukuni mai 'yan wasa kaɗan. Jeff Banks ya yi irin wannan aiki a Alabama daga 2018 zuwa 2020, sannan a Texas daga 2021.

Ta huɗu ita ce a ɗauki koci wanda ba shi da wani aiki sai bugu. Lokacin da Shane Beamer, ɗan Frank Beamer, ya zama babban kocin South Carolina a ƙarshen 2020, ya ɗauko Pete Lembo, wanda ya taɓa zama babban koci a Lehigh da Elon da Ball State, ya damƙa masa rukunin.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Iya koyarwa cikin ƙanƙanin lokaci. Dokar NCAA ta taƙaita ayyukan wasa na dole zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka, kuma hari da tsaro ne ke cinye mafi yawansu. Abin da ke rage wa rukunin bugu 'yan mintuna ne a kowane atisaye. Saboda haka an fi son wanda tsarinsa ke da sauƙin ganewa, wanda zai iya sa 'yan wasa da yawa su motsa a lokaci ɗaya ba tare da wasu sun tsaya kallo ba. Dabara mai wuyar haddacewa ba ta da amfani idan ɗalibin shekarar farko ne zai aiwatar da ita.

Iya zama da abokan aiki. Kocin bugu yana neman 'yan wasa daga hannun wasu, kuma kowane koci yana tsoron kada gwaninsa ya ji rauni a bugun farawa. Wanda ba ya da mutunci a idon sauran mataimaka zai ƙare da 'yan wasan da babu mai buƙatarsu. Shi ya sa masu neman aikin da suka san ciwon kansu sukan tambayi babban koci tun a wurin tattaunawa ko za a ba su damar amfani da 'yan wasan farko, da kuma mintuna nawa za a ware musu.

Sanin fasahar bugu. Da yawa daga cikin masu riƙe muƙamin ba su taɓa buga ƙwallo da ƙafa a matsayin aikinsu ba. Sun san tsarin tsayuwa da tarewa, amma ba lallai su iya gyara takun mai bugu ba. Masu bugu da yawa suna da malamansu na waje tun daga sakandare. Jami'a takan duba ko ɗan takarar ya san wannan fanni, ko kuwa sai an haɗa shi da wani ma'aikaci, galibi tsohon mai bugu. Sean Snyder, wanda ya riƙe muƙamin a Kansas State a ƙarƙashin mahaifinsa Bill Snyder, yana cikin waɗanda suka yi bugun sallama da kansu a zamanin ɗalibta.

Zawarcin 'yan wasa. Har zuwa 2025 ƙungiyoyin FBS suna da guraben tallafin karatu 85, kuma kaɗan ne ake ware wa masu bugu. Kuskure ɗaya wajen zaɓe na iya damun ƙungiya shekaru. Hanyar samun su ma ta faɗaɗa. Cibiyar Prokick Australia, wadda Nathan Chapman ya kafa a 2007, tana horar da matasan da suka taso da ƙwallon ƙafar Ostareliya tana tura su jami'o'in Amurka. Daga 2013 zuwa 2017 'yan Ostareliya ne suka lashe lambar Ray Guy ta gwarzon mai bugun sallama a jere: Tom Hornsey na Memphis, Tom Hackett na Utah sau biyu, Mitch Wishnowsky na Utah, da Michael Dickson na Texas. Tory Taylor na Iowa ya lashe ta a 2023. Kocin da ya san irin waɗannan hanyoyi yana da fifiko.

Sanin dokokin jami'a. Dokokin bugu na jami'a ba ɗaya suke da na NFL ba. A NFL mutum biyu na gefe kaɗai aka yarda su ruga gaba kafin a yi bugun sallama, amma a jami'a babu wannan taƙaitawa. Wannan ya haifar da tsarin garkuwa, inda ƙarfafan 'yan wasa uku ke tsayawa gaban mai bugu yayin da sauran suka ruga tun da wuri, da kuma salon da mai bugu ke gudu gefe kafin ya buga. Haka kuma layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar ƙafa 40 a jami'a, alhali a NFL ƙafa 18 da inci 6 ne, daidai da faɗin turaku. Don haka bugun maki na kusa ya fi karkata a jami'a. Kocin da ya fito daga NFL sai ya sake koyon waɗannan.

Dacewa da halin babban koci. Wasu suna son a riƙa kai farmaki don tare bugu, wasu kuma suna tsoron laifin bangaje mai bugu, wanda ke mayar wa abokan hamayya ƙwallo. Idan ra'ayin mutum biyun bai zo ɗaya ba, dabarun da aka ɓata lokaci ana koyarwa ba za a taɓa amfani da su a wasa ba.

Auna aikin ɗan takara

Ana duba alƙaluman ƙungiyoyin da ɗan takara ya horar: matsakaicin wurin da ƙungiyarsa ke faro hari da wanda abokan hamayya ke farowa, nisan bugun sallama bayan an cire abin da aka dawo da shi, yawan bugun da suka tare da wanda aka tare musu, da yawan laifuffuka. Amma alƙaluman suna iya yaudara. Kakar jami'a wasa 12 ce kafin wasannin ƙarshe, don haka dawo da ƙwallo mai tsawo sau biyu kawai na iya ɗaga matsayin ƙungiya. Ƙwararren mai bugun da koci ya gada ma yana iya rufe raunin tsari. Shi ya sa ake duba shekaru da yawa, a kuma kalli bidiyo don ganin ko 'yan wasa suna tsayawa a layinsu, da ko kuskure iri ɗaya yana maimaituwa.

Babban koci ne yake zaɓe, daraktan wasanni na jami'a kuma ya amince da albashi da yarjejeniya. Mafi yawan ɗaukar aiki yana faruwa a Disamba da Janairu, bayan kammala kaka. A jami'o'in gwamnati, dokokin jihohi da yawa suna ba 'yan jarida damar ganin yarjejeniyar.

Wasannin da bugu ya raba gardama

Rukunin bugu yana ɗaukar kaso kaɗan na wasa, amma kowane yunƙurinsa yana sauya wurin ƙwallo da yadi masu yawa ko ya kawo maki kai tsaye.

A ranar 1 ga Satumba 2007, Appalachian State, wadda take mataki na ƙasa a lokacin, ta doke Michigan 34 da 32 a gidanta, bayan ta tare bugun maki uku a daƙiƙun ƙarshe.

A ranar 30 ga Nuwamba 2013, Alabama da Auburn suna kunnen doki 28 da 28, saura daƙiƙa ɗaya. Alabama ta gwada bugun maki daga yadi 57, ƙwallo ta gaza kaiwa, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a ƙarshen yankin ci ya ruga da ita har ɗaya ƙarshen filin. Auburn ta ci 34 da 28. Masu sharhi sun lura cewa rukunin Alabama cike yake da manyan 'yan wasa masu tsare mai bugu, waɗanda ba za su iya cim ma mai gudu ba, yayin da Auburn ta riga ta ajiye mutum a baya.

A ranar 17 ga Oktoba 2015, Michigan tana gaba 23 da 21, saura daƙiƙa 10, kuma bugun sallama kawai take buƙata. Ƙwallo ta suɓuce wa mai bugu, Jalen Watts-Jackson na Michigan State ya ɗauka ya ci, wasa ya tashi 27 da 23.

A wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2016, ana 24 da 24 a kashi na huɗu, Alabama ta yi gajeren bugun farawa na ba-zata ta sake karɓe ƙwallo, daga baya kuma Kenyan Drake ya dawo da bugun farawa yadi 95. Ta doke Clemson 45 da 40.

A wasan Cotton Bowl na 2 ga Janairu 2023, USC tana gaban Tulane 45 da 30 ana saura ƙasa da minti biyar. Bayan Tulane ta rage tazara, mai karɓar bugun farawa na USC ya kasa riƙe ƙwallo, ta fita waje a layin yadi ɗaya. Tulane ta kayar da mai ƙwallo a yankin cin USC ta samu maki biyu, sannan ta ci wasan 46 da 45. USC ba ta da koci guda da ya keɓanta da bugu a wannan kaka, kuma hakan ya farfaɗo da muhawara kan tsarin raba aiki.

Tsari mai kyau ma ba ya hana mummunar rana. A wasan Sugar Bowl na Janairun 2000, wanda shi ne na kambun ƙasa, Florida State ta tare bugun sallamar Virginia Tech ta ci, Peter Warrick kuma ya dawo da wani ya ci. Ƙungiyar Beamer ta sha kashi 46 da 29.

Lafiyar 'yan wasa da sauyin dokoki

Bugun farawa yana cikin sassan wasa mafi haɗari, domin 'yan wasa suna karo da juna bayan dogon gudu. A Oktoban 2010 Eric LeGrand na Rutgers ya ji rauni a laka yayin wannan bugu a wasa da Army, abin da ya shanye masa jiki. A 2012 NCAA ta matsar da wurin bugun daga layin yadi 30 zuwa 35, ta kuma ba ƙungiyar da ba ta dawo da ƙwallo daga yankin ci ba damar farawa daga yadi 25. A 2018 ta ƙara cewa mai karɓa zai iya ɗaga hannu ya cafe ƙwallo a ko'ina kafin layin 25, a kawo masa ita layin. A 2019 ta haramta wa mutum biyu haɗa kafaɗa su yi wa mai gudu katanga.

Waɗannan dokoki sun rage yawan dawo da ƙwallo, kuma sun sauya abin da ake nema a wurin koci. Yanzu dole ya san lokacin da karɓar yadi 25 ya fi gwada gudu, ya kuma koyar da tarewa da kayarwa ta hanyar da ba ta sa kai da wuya cikin haɗari.

Muƙamin a matsayin tsani

Ban da babban koci, kocin bugu yana cikin 'yan kaɗan da ke aiki da 'yan wasan hari da na tsaro baki ɗaya, yana kuma shiga cikin shawarwarin sarrafa agogo da na yunƙuri na huɗu. Wasu sun hau daga nan zuwa shugabanci. John Harbaugh ya yi aikin a Jami'ar Cincinnati, sannan shekaru tara a Philadelphia Eagles, kafin ya zama babban kocin Baltimore Ravens a 2008. Joe Judge ya taimaka a rukunin bugu na Alabama daga 2009 zuwa 2011, ya zama babban kocin New York Giants a 2020. Shane Beamer ya riƙe muƙamin a Georgia, Pete Lembo kuma ya bar South Carolina a Janairun 2024 ya zama babban kocin Buffalo.

'Yan wasan rukunin suna da lambobin yabo nasu: lambar Lou Groza ta mai bugun maki tun 1992, ta Ray Guy tun 2000, da ta Patrick Mannelly ta mai cillo ƙwallo tun 2019. Masu horar da su kuwa suna takara tare da sauran mataimaka a lambar Broyles, wadda aka fara bayarwa a 1996.